Giɓin da ke bakin takobinmu: kwana uku tsakanin Jega, Aliero da Maiyama

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu, komai ya rabu sai abu guda. Gona ta rabu, gida aka yi masa kuɗi, hatta riguna da buzun sallarsa kowanne ya san inda ya nufa. Takobi kaɗai ya rage kwance a tsakiyar tabarma, cikin kuben da ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Malamin da ya yi rabon ya ce a yi masa kima, aka rasa wanda ya san kimarsa. Daga ƙarshe babbar yayarmu ta turo shi gabana da bayan hannu, ta ce, "A ba ɗan jarida, shi ne mai son tarkace."

Shekara biyu yana rataye a bayan ƙofar ɗakina a Sakkwato. Duk baƙon da ya tambaya sai in gyara murya in ce masa wannan takobi ya ga yaƙin Alwasa, wanda aka gwabza kusa da Gwandu a 1805. Daga ina na samo maganar? Daga bakina. Na dai ji ta yi daɗin faɗi.

Wata ranar Asabar ƙaiƙayi ya kai ni na zare shi da ƙyar. Na ga tsatsa ta yi masa ja, sai na jiƙa tsamiya mai kauri na shafe gefe ɗaya, na bar shi ya kwana, da safe na bi shi da samfefa. Kafin azahar gefen ya yi fari fat kamar sabon faranti. Ina cikin yaba wa kaina sai na juya ɗaya gefen, na hangi wasu 'yan zane guda biyu a ƙarƙashin tsatsar, kusa da ƙota, masu kamar jinjirin wata. Na koma gefen da na goge: nasa sun tafi, saura ɗan gurbi kamar tabon ƙuruciya. Garin gyaran gira na rasa ido.

Wani abokin aikina mutumin Kabi ne ya ce in daina wahalar da kayan mutane, in kai shi wurin wani tsohon maƙeri da ya sani a Jega. Ga kuma Gwaggo, yayar mahaifinmu, tana Maiyama, rabona da ita tun zaman makoki. Sai na haɗa tafiyar.

A wannan zamani na rashin tsaro ba a ɗaukar makami a hau hanya da ka. Na karɓi takarda daga mai unguwarmu, na naɗe takobin cikin tabarma, na kuma gaya wa direba abin da ke ciki tun a tasha. Muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, hazon ƙarshen hunturu ya rufe gonaki. A wani shinge jami'in tsaro ya sa na kwance tabarmar. Ya karanta takardar, ya duba katin aikina, ya ja takobin ya ƙi fita, ya sake ja ya ƙi. Sai ya yi dariya ya miƙo mini: "Malam, wannan ko kaza ba zai yanka ba. Allah ya kiyaye hanya."

Jega: inda aka hana ni gyara

Jega gari ne da takobi ya haifa, kasuwa ta raina. Mutanen garin Gimbanawa ne, jama'ar Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Harin da rundunar Gobir ta kai wa garinsu Gimbana a ƙarshen 1803, da kwance kamammun da jama'ar Shehu suka yi lokacin da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, su ne suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a 1818, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega 'yan shekaru bayan haka. Har yau sarautar garin Sarkin Kabin Jega ce, a ƙarƙashin masarautar Gwandu. Da ƙura ta lafa, kasuwar Jega ta zama babban zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Na riƙe wannan batu na fatake a raina sama-sama, ban san zai dawo mini ba.

Maƙerar tana wani lungu bayan kasuwa, rumfa ce ta kara da tsohon kwano. Yaro na buga zuga-zugi, gawayin ƙirya na tartsatsi, an jera lauje da kalme da fartanya ana jiran masu su. Tsohon yana zaune kan guntun turmi, gabansa uwar maƙera. Na durƙusa muka gaisa, na isar da gaisuwar abokina, sannan na kwance tabarma.

Bai ja takobin da ƙarfi ba. Ya riƙe kuben, ya bubbuga bakinsa da tafin hannu, ya murɗa kaɗan, sai ga shi ya fito sumul. Ya sa tsumma ya riƙe ruwan takobin, bai taɓa shi da yatsa ba. Ya dubi gefen tsatsa, ya juya ya dubi gefena mai ƙyalli, ya daɗe bai ce komai ba.

"Wa yai mai wanga aiki?"

"Ni ne, Baba."

"Da tsamiya?"

"Da tsamiya da samfefa."

Ya girgiza kai. "Ɗana, gyaran gangar Auzinawa kenan. Tsatsa ta shekara ɗari tana cin shi ba ta cinye tambarin ga ba. Kai kwana guda ya ishe ka."

Ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari, wadda in ka shafa take biyo hannu. Ita ce mai rai, tana ci tana zurfafawa muddin laima da iska na samun ƙarfen. Akwai kuma baƙi-baƙin da ya kwanta lumui kamar bayan tsohuwar tukunya. Wannan ya gama cinsa, ya zama riga, shi ke tsare abin da ke ƙasa. Ni na tuɓe wa takobin rigarsa na bar shi tsirara. Ruwan tsami kuwa, tsamiya ce ko lemo, ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, duka yake ci, ya bar ƙananan ramuka inda sabuwar tsatsa za ta samu wurin zama. Gumin hannu ma abokin tsatsa ne saboda gishirin da ke cikinsa. Shi ya sa tsohon ya riƙe da tsumma.

Aikin da ya yi wa ɗaya gefen ya ci mana yini. Ya ɗiga kananzir a kan jar tsatsar, ya ajiye a inuwa, ya koma kan laujen wani manomi. Bayan sa'a guda ya ɗauko wani ɗan guntun tagulla da ya dandaƙe bakinsa, ya riƙa kankara a hankali. Tagulla ta fi ƙarfen takobi laushi, don haka tana ɗauke ɓawon tsatsa ba ta karce jikin. Inda ya yi kusa da tambarin sai ya ajiye tagullar ya ɗauki tsinken ƙaho. Daga nan ya sa soson ƙarfe mafi laushi da ɗigon man keken ɗinki, yana bin tsawon takobin daga ƙota zuwa tsini, ba ya gicciyewa. Ya goge da tsumma, tsumman ya yi ja, ya sake. Da la'asar ta yi, takobin bai yi fari ba. Ya yi launin toka mai duhu, ga kwarmi uku sun fito a tsakiyarsa, ga jinjirin wata biyu suna fuskantar waje, kowanne da ɗan ido da hanci.

Irin wannan tambari sananne ne ga masu nazarin makamai. Ɗaruruwan shekaru ana ƙera ruwan takubba a garuruwa irin su Solingen ta Jamus, a biyo da su ta bakin tekun arewacin Afirka, raƙuma su ƙetaro da su Sahara, a nan kuma maƙeranmu da dukawanmu su yi musu ƙota da kube irin namu. Amma da masu saye suka riƙa neman mai wata, maƙeran gida ma sai suka koyi buga watan a kan nasu. Na tambayi tsohon ko nawa na Turai ne. Ya ɗan lanƙwasa shi a gwiwa, ya sake shi ya miƙe, ya ƙyasta shi da farce ya kai kunne. Ya ce ƙarfen na ƙwarai ne, iyakar abin da zai iya rantsuwa a kai kenan.

Na ce masa ai a yaƙin Alwasa aka riƙe shi.

"Wa yag gaya ma?"

Na yi shiru.

"To kak ka ɗora mai abin da ba ka ji ga manya ba. Ƙarya ma tsatsa ta."

Akwai wani giɓi a kaifin takobin, kamar taƙi ɗaya daga tsini, girman ƙwayar masara. Na roƙe shi ya sa magagari ya daidaita wurin. Ya ce sam. Kafin a shafe giɓi sai an cinye kaifin gaba da bayansa, takobi ya rame. Kuma shi bai san wanda ya yi giɓin ba, bai san dalili ba, don me zai share sawun da bai san mai shi ba?

Game da mai, ya ce kakanni da man shanu ko kitse suke shafawa, amma su kullum takobi na hannunsu, yau a shafa gobe a goge. Wanda za a rataye shekara, in aka sa masa man gyaɗa ko man ja, man zai yi daƙam ya zama danƙo, ya kama ƙura, ya kira tururuwa da ɓera. Ya ce in riƙa sa man keke kaɗan, kamar mai rowa, kafin damina da bayanta, ko in narka kakin zuma mai tsabta in shafa siriri. Gidajen tarihi ma kaki suke shafawa; akwai wani mai suna Renaissance da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a shekarun 1950, har yau da shi ake aiki.

Muna nan wani saurayi ya shigo da bindigar toka ta kakansa, yana lilo da ita, yana son a wanke masa. Tsohon ya daka masa tsawa ya mai da bakinta ƙasa. Ya ce bindigar da aka ɗura aka manta tana iya shekara hamsin da cikinta, kuma tsohon albarushi ba ya jin an tsufa. Mutum ya kai ta kusa da wuta sai a ji labari. Ya ƙara masa da cewa ko ta ado ce, hukuma na son a yi mata lasisi. Gaskiyarsa: dokar makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigar toka. Saurayin ya fita yana riƙe da ita kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da na tashi tafiya na tambayi kuɗin aiki, ya faɗi abin da bai kai kuɗin motata ba. "Kube ba aikina ba na," in ji shi. "Koma Aliero, akwai badukun da munka yi ƙuruciya tare." Ya kuma hana ni mai da takobin cikin kuben. Muka naɗe kowanne daban.

Aliero: ɗori ba sabuwar ƙafa ba ne

Tun kafin ka ga Aliero hancinka ke gaya maka ka iso. Lokacin ɗibar albasa ne, buhuna jibge a bakin hanya, manyan motoci na lodi zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta. Garin ya yi suna da abu uku: albasa, masu ɗorin karaya da ake kawo musu majinyata daga nesa, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006.

Badukun na zaune a zaurensa cikin ƙanshin jima, yana ɗinka layu da kuben wuƙa. Da ya ji wanda ya aiko ni sai ya sa aka kawo fura. Ya karɓi kuben da hannu biyu kamar jariri.

Ya ce jan fatar akuya ce aka jeme da bagaruwa, aka lulluɓe wasu siraran itace biyu da ita. Ya nuna mini inda ɗinkin baya ya ɓalle, da inda hunturu ya busar da fatar har ta kakkarye, da wani wuri kusa da baki da ƙwaro ya huda. Na ce ko a yi sabo kawai, ga jar fata nan rataye gwanin kyau.

"Malam, ka ga masu ɗorin garin ga? In anka kawo musu karaya, suna yanke ƙahwa su sa sabuwa? Ja suka yi, su daidaita, su ɗaure da kara, su bar Allah shi yi saura."

Haka ya yi. Ya share ƙurar da busasshen buroshi mai laushi, bai kusanto da ruwa ba, don ruwa na sa tsohuwar fata ta ƙanƙance ta yi baƙi. Ya lakaci man kaɗe ɗan mitsitsi, ya murza a tafinsa har ya narke, ya dangwala a wuri ɗaya ya jira ya ga yadda fatar za ta karɓa, kafin ya bi sauran. Ya ce yawancin kuben da ake kawo masa ba ƙishirwa ta kashe su ba, mai ne ya yi musu yawa har suka yi laɓo-laɓo suka ruɓe. Da ya zo ɗinki, bai huda sabon rami ko ɗaya ba; tsofaffin ramukan ya bi da basilla da siririn zare. Inda fata ta ɓace ya sa ɗan ƙyallen sabuwa ta ciki, ya bar launinta daban, don wanda zai zo bayanmu ya gane nan ɗori ne.

Shi ya warware mini dalilin da ya sa maƙeri ya raba takobin da kubensa. Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami a jikinta, kuma tana shan laima a damina ta riƙe. Takobin da ya shekara a kube kamar wanda aka kwantar cikin jiƙaƙƙen zane ne. Ya ce in ajiye su kusa da juna amma ba cikin juna ba, nesa da bangon da ke tsattsafo, kuma kada in kuskura in naɗe su a leda, don leda gumi take sa ƙarfe.

Da yamma ya raka ni wani gida na zuriyar barade. Maigidan, dattijo mai fara'a, ya sa aka fito da wata tsohuwar adaka. A ciki akwai sulke, da ragowar lifidi, da kwalkwali, da likkafa biyu, da kwari cike da kibau. Wannan yanki ya sha yaƙi tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, don haka ba abin mamaki ba ne a samu irin waɗannan kaya a ɗakunan mutane.

Na ɗaga sulken, nauyinsa ya ba ni mamaki. Dattijon ya sa na duba zobban da kyau: kowanne an haɗa bakinsa an dasa masa ɗan ƙusa ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Masana na kallon wannan dashe don rarrabe tsohon sulke da na baya-bayan nan, wanda ake matse bakin zoben kawai. Wani Bature mai suna Bivar ya zagaya fadojin Arewa yana duba irin waɗannan kaya, ya fitar da littafi a kansu a 1964. Sulken gidan nan ya tsira ne don duk shekara ana fito da shi hawan sallah, a goge, a shafa mai, a mayar. Kayan da ake taɓawa ba su cika mutuwa ba.

Lifidin ne ya ba ni tausayi. Rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, ƙyalle biyu aka cusa wa auduga aka ɗinke, kibiya ta shiga ta maƙale. A fagen fama abin tsoronsa wuta ne. A cikin adaka kuwa ɓera da asu da gara. Ɓeraye sun yi gado da rabinsa. Wata shekara kuma wata amarya mai son tsabta ta wanke shi da sabulu, audugar ta dunƙule, rinin ya zube. Yanzu sai dai a shanya shi a inuwa, a kakkaɓe a hankali, a zuba busasshen ganyen dogon yaro a adakar, a ɗora ta bisa duwatsu don kada gara ta hau.

Na kai hannu zan zaro kibiya, dattijon ya riƙe mini wuyan hannu. "A'a, ɗana. Dahi bai tsuhwa." Dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani zuciya yake kamawa, kuma yana daɗewa a bakin kibiya bai mutu ba. Ko jikokinsa bai yarda su buɗe kwarin ba.

Ya ce dillalai sun sha zuwa, su ga sulken su yi tayi, wani har da kuɗin da zai sayi babur. Ya ƙi. Na gaya masa ko doka ma tana bayansa: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. Na ce in wata rana riƙon ya gagari gidan, gara a kai gidan tarihi irin na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a tsohuwar fada a 1958, da a sayar wa wanda zai raba kayan da sunan mai su. Ya ce yana ji, amma muddin akwai mai hawa doki a gidan, sulke na nan.

Maiyama: akwatin Bama da bakin Gwaggo

Rana ta uku na sake ratsa Jega, na ƙetare gulbi, na miƙe kudu kan hanyar Koko da Yawuri. Kafin hantsi ya yi zafi ina Maiyama. Na tarar da Gwaggo a gindin bishiya tana tsinkar zogale. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana.

"Mai sunan Baba! Yau wace rana? Ko hanya ta ɓace maka?"

Bayan an ci an sha, na faɗa mata abin da ya fito da ni. Ta ce tunda tarkace nake bi, a ɗauko mini akwatin maigidanta. Marigayin tsohon soja ne, ya girme ta nesa ba kusa ba, yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa yaƙin Bama. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi wannan yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ce harshen bariki, kuma inda mota da alfadari suka kasa shiga, a ka suka ɗauki kaya. Sunayen wuraren suna nan a barikokinmu: Myohaung da Arakan a Legas.

Akwatin ƙarfe ne, fentinsa ya koɗe. A ciki akwai adda cikin kuben tamfol, da gorar ruwa mai rigar bargo, da kwanon cin abinci, da bel mai kan tagulla, da lambobin yabo. Ɗaya tauraro ne mai tsini shida, igiyarsa ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe: tauraron Bama kenan. Wani jikan gidan ya ce da alfahari duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, shi ke goge su da toka da lemun tsami. Na duba, rubutun da ke kewaye da tambarin sarkin Ingila ya fara lafewa. Na ga kaina a jikin yaron. Na gaya masa abin da aka gaya mini a Jega, ban rage ba: kowace guga tana tafiya da ɗan wani abu da ba ya dawowa. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Koren da ya fito a kan bel ɗin, inda tagulla ta haɗu da fata, muka cire shi da tsinken sakace.

A ƙasan akwatin muka ga harsashi biyu da ba a harba ba. Na ce kada a goge, kada a jefa a wuta, kada yara su gani. A gaya wa mai gari a miƙa wa 'yan sanda.

Abin da ya fi komai daraja a akwatin shi ne wanda ya fi komai rauni: takardar sallamarsa daga soja, ta yi ruwan ƙasa, ta karye a kan ninki. Turawa ba su buga suna a bayan irin waɗannan taurari ba, don haka in takardar nan ta tafi, lambobin sun zama na kowa. Yaron ya ce dama yana shirin kai ta shagon kwamfuta a manne ta cikin leda. Na roƙe shi kada ya yi. Zafi da gam ɗin suna shiga jikin takarda, kuma ba a ɓarewa. Muka ɗauki hotonta da waya gaba da baya, muka shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu cikin wani babban littafi.

Sai da aka yi la'asar na kwance tabarmata. Gwaggo ta dubi takobin, ta sa gefen zanenta ta riƙe shi, ba wanda ya koya mata.

"Gwaggo, wai wannan ya je yaƙin Alwasa?"

Ta yi dariya har da tari. "Wane Alwasa? Wa yag gaya maka? Na kakan Baba na. Bahwatake na, Gwanja yaka zuwa. Su kai kanwa da tuhwahi, su ɗauko goro, tahiyar wata da watanni. Shi ka tsaron bayan ayari saboda 'yan hwashi. Baba ya ce bai taɓa jin an ce ya sari mutum da shi ba. Zare shi kawai yaka yi a gani."

Wato takobin nan zangon Jega ya sani, ba fagen Alwasa ba. Wataƙila ya sha kwana a bayan kasuwar da na yini shekaranjiya. Na ji kunya, na kuma ji wani sanyi: gaskiyar ta fi ƙaryata kyau.

Yatsanta ya bi kaifin a hankali har ya faɗa cikin giɓin. Sai ta tsaya. Dariyar ta ɗauke.

"Wanga kau babanka na."

Ta ce yana ɗan shekara tara, ranar wata sallah, manya sun tafi idi, ya hau turmi ya sauko da takobin, ya fita bayan gida yana yaƙi da turken doki. Bai san akwai ƙarfe a jikin turken ba. Da ya ga giɓin ya mai da takobin kube ya rataye, ya zo ya roƙe ta kada ta faɗa, ya ba ta naman sallarsa na kwana biyu. Ba ta faɗa ba. Mahaifinsu bai gano ba sai bayan shekara, ya tara yaran gida ya tambaya, ita da shi suka yi tsit, aka yi musu bulala tare.

"Har yar rasu ban gaya ma kowa ba," in ji ta. "Kai na hwarko."

Mahaifina mutum ne mai tsare gida, ban taɓa ganin haƙoransa a dariya sosai ba. Ban taɓa zaton ya taɓa zama yaro mai hawa turmi ba. Na zauna ina duban ɗan giɓin nan da na roƙi maƙeri ya share mini da magagari, na ma yi niyyar ƙara masa kuɗi.

A daren na ciro littafin aikina na ce ta maimaita mini tun daga farko: sunan mai takobin, sunan ubansa, garuruwan da ta ji ana ambata a hanyar Gwanja, wanda ya gada daga wa. Wani wurin ta tuna, wani wurin ta ce ya tafi da waɗanda suka tafi. Na rubuta abin da ta faɗa kaɗai. Jikan gidan ya zauna kusa da mu da wayarsa yana ɗaukar muryarta, daga baya ya ce ta ba shi na akwatin Bama shi ma. Har aka yi kiran assalatu ba mu kwanta ba.

Yanzu takobin na kan wani katako a ɗakina, kubensa na gefe, takardar Gwaggo na ɗaure a hamilarsa. Maƙerin Jega ya ce gefen da na goge zai sake yin duhu da kansa in na bar shi, sai dai ba a zamanina ba. Na juya wannan gefen yana kallon bango. Shekaranjiya na shigo na tarar da ƙaramin ɗana ya jawo kujera, ya hau, yana miƙa hannu. Na buɗe baki zan daka tsawa, sai na fasa. Na sauko masa da shi, na ba shi tsumma ya riƙe, na kama yatsansa na kai kan giɓin.